Akwatin takarda mai hawa-hawa: me ya sa yake karkacewa, murfin kuma ya ƙi zama?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta tambayarki, kin ce kin liƙa takardu masu launi falle goma sha biyu a kan juna don ki yi ɗan akwatin ajiye 'yan kunne, irin wanda in an kalli gefensa ake ganin launuka layi-layi, amma da ya bushe sai ya lanƙwashe kamar busasshen ganye, jan ya zuba cikin farin, murfin kuma ya ƙi zama, shi ne kike tambaya ko gam ɗin ne ba shi da kyau ko takardar. Gaskiya dariya na yi, ba dariyar mugunta ba, tuna kaina na yi, don nawa na farko ya fi naki muni, ni har rana na kai shi wai don ya yi saurin bushewa, da na dawo na same shi ya naɗe kamar tabarma.

Toh ba gam ba ne, ba kuma takardar ba ce kai tsaye, ruwa ne. Farin gam ɗin nan da ake kira PVA, wanda kafintoci da masu ɗinkin littafi ke amfani da shi, kusan rabinsa ruwa ne, ita kuma takarda da ta sha ruwa sai ta buɗe, in ta bushe ta tsuke. Falle goma sha biyu kika jiƙa a lokaci ɗaya, na sama da na ƙasa suka riga bushewa suka fara ja, na tsakiya suna nan jiƙe shakaf, kowa na ja ta nasa gefen, ina za a samu miƙewa? Duk abin da zan faɗa miki a ƙasa kusan magana ɗaya ce, yadda za ki rage ruwan da ke shiga da yadda za ki sa ya fita a hankali alhali takardar tana danne.

Amma bari mu fara da takardar, don akwai abin da in ba ki duba ba tun farko duk wahalarki ta tashi a banza. Ki yaga gefen falle ɗaya ki kalli cikin yagewar. In kika ga fari a tsakiya, launin a fuska kawai aka buga shi, wannan ba ta aikinmu ba ce, don mu gefen muke so ya fito, in kin yanka za ki ga fari fat babu layin komai. Wadda muke nema ita ce wadda aka rina tun tana ɓawo, wato kwaɓin da ake yin takarda da shi, kafin a busar da ita, launin ya ratsa ta ciki da waje. Bayan nan ki jiƙa ɗan auduga ki goga a kanta, ki danna audugar a farar takarda. In launi ya fito, zai zuba a aikinki, kuma ja da shuɗi mai duhu da baƙi su na fi kamawa da wannan halin. Takardar ado mai yamutsi da mai shara-shara ɗin nan da ake naɗe kyauta kusan duk suna zuba, ki bar su. Ina zargin jan naki daga irin su yake.

Sai kauri. A jikin fakiti za ki ga an rubuta lamba da giram, wato nauyin takarda mai faɗin murabba'in mita ɗaya. Ta firinta giram 80 ce, kaurinta wajen milimita 0.1, wannan ta yi laushi, tana shan ruwa nan take ta yamutse. Ni giram 160 na fi so, kaurinta wajen milimita 0.2, lissafinta ma ya fi sauƙi, falle goma su ba ki allo mai milimita 2 da ɗan ɗoriya saboda gam. Akwai giram 250 zuwa 300, tana saurin tara kauri kuma ba ta cika yamutsewa ba, sai dai yankanta da wahala in ta taru.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wanda yawancin masu farawa ba wanda ya taɓa faɗa musu. Takarda tana da jijiya. A injin da ake yin ta ɓawon yana gudu ne a kan doguwar raga, zarurrukan sai su kwanta galibi ta inda injin ke tafiya, shi ya sa duk takardar inji tana da gefen da take yarda ta lanƙwasa da gefen da take gardama. Ki ɗauki falle ki ɗan tanƙwara shi ta tsawo ba tare da kin karya ba, ki sake tanƙwarawa ta faɗi, za ki ji a hannunki ɗaya ya fi laushi. Layin da ya fi sauƙin naɗewa nan jijiyar ta bi. Ko ki yaga, ta bin jijiya yagewar na tafiya kusan a miƙe, ta ɗaya gefen kuwa sai ta yi ta karkace. Amfanin sanin wannan shi ne in takarda ta jiƙe ba ta buɗewa daidai ta ko'ina, ta fi buɗewa a gicciyen jijiya sosai, ta tsawonta kaɗan ne. Kin ga in kin jera falle goma sha biyu ba tare da kin duba ba, bakwai sun kalli gabas biyar sun kalli kudu, kuma ba a tsare ba, dole allon ya murɗe.

Ni abin da nake yi, kafin in taɓa gam sai in sa ɗan kibiya da fensir a kusurwar kowane falle. In allon na bango ne ko gindi, wanda zai tsaya a miƙe ba za a lanƙwasa shi ba, ina saɓa su ne, ɗaya tsaye ɗaya kwance, kuma adadin ya zama mara, 7 ko 9 ko 11, yadda na sama da na ƙasa za su kalli wuri ɗaya su ja daidai. Dabarar da ake yi wa katakon filawud kenan, in kin taɓa ƙirga hawansa za ki ga kusan kullum 3 ne ko 5 ko 7. In kuma za ki naɗe shi ki yi akwati mai zagaye to duk jijiyar ta kalli wuri ɗaya, ta bi tsayin akwatin. Akwai masu cewa a koyaushe a jera su waje ɗaya, masu ɗinkin littafi haka suke yi kuma suna da hujjarsu don littafi buɗe shi ake yi, amma ga bangon akwati ni dai saɓawa ta fi min.

Wallahi kar ki raina takarda da gam, a 1772 wani Henry Clay a Birmingham ta Ingila ya yi rajistar hanyar liƙa fallayen takarda a busar da su da zafi a shafe su da mai, har allon ya yi ƙarfin da ake yin tire da jikin keken doki da shi. Mutanen Masar na dā ma da hawa-hawan yadin lilin ko takardar fafaras (ta karan wata ciyawar ruwa) da farar ƙasa suke yin fuskokin da suke rufa wa gawarwakinsu, ga su nan har yau a gidajen tarihi. To ɗan akwatin 'yan kunne ba zai gagare mu ba.

Shafa gam. Kar ki tsiyaya shi a kan takardar ki baza da yatsa, ki zuba a murfin roba ki ɗiba da buroshi mai faɗi, ko ƙaramar rola ta soso in kina da ita, ta fi ma. Daga tsakiya ki ja zuwa gefe, siriri, yadda za ki ga takardar ta yi ƙyalli kawai ba fari ba. In kina ganin farin gam kwance ya yi yawa. Kuma don Allah kar ki sirka shi da ruwa don ya yi auki, in ya yi kauri har buroshi ba ya tafiya ɗigo kaɗan ya isa. Ki ɗora fallen, ki sa wata takarda mai tsabta a kai, ki goge da gefen tsohon kati daga tsakiya zuwa waje don iska ta fita, duk inda kika bar kumfa nan gaba in kin zo gogewa rami za ki tarar. Gam ɗin sanda na 'yan makaranta ba ya jiƙa takarda, gaskiya ne, amma bayan 'yan watanni sai ki ga hawan ya fara ɓarewa, salatif mai fuska biyu kuma yana cika wuƙa da danƙo ya hana gogewa, ban ba ki shawararsu ba sai dai wajen liƙa ɗan ado a sama.

Kuma ba a liƙa duka a zama ɗaya. Uku-uku nake yi, in liƙa uku in danne su kamar rabin awa, in yi wasu ukun, sannan in haɗa ukun da ukun, in ƙara na ƙarshe, sai dannewar gaske. Ki sa allon tsakanin katako biyu masu santsi, ki ɗora littattafai masu nauyi, amma tsakanin allon da katakon ki sa fararen takardu da yawa su tsotse ruwan, ki canza su bayan awa ɗaya ko biyu don za ki ji sun yi sanyi. Banda jarida, tawadarta na fita. Banda leda ita kaɗai, tana tare ruwan ya rasa hanyar fita. Ki bar shi kwana ɗaya cur, lokacin damshi kwana biyu. Yadda nake gane ya bushe, in manna shi a kumatuna, in na ji sanyi to da saura. Ba rana, ba fanka, ba dutsen guga, na san zuciya za ta ce ki leƙa, ki leƙa ɗin amma ki mayar.

In allo ya bushe sai yanka. Rula ta ƙarfe, wuƙar yankan takarda mai sabon baki, da abin ɗorawa a ƙasa. Kar ki ce za ki raba milimita 2 da ja ɗaya, hannu zai zame ko bakin ya kauce, ki bi layin sau shida sau takwas a hankali, wuƙar a tsaye ba a kishingiɗe ba, yatsunki kuma can bayan gefen rula. Da kin ji wuƙar ta fara jan takarda maimakon yanka ki karya bakin ki fito da sabo. Almakashi ba shi da aiki a nan, matse gefen yake yi.

Zancen murfi kuma, kuskuren da kika yi na san shi ko ban gani ba, kin auna murfin da ma'aunin akwatin kin manta bango yana da kauri. Bari in ba ki lissafi da misali. Gindi santimita 6 da 6, allo milimita 2, bangon zai kewaye gindin ta waje. Bango biyu faɗinsu 6, sauran biyun 6.4 don su rufe kaurin 'yan uwansu, tsayi ki ce 4. Kin ga akwatin ta waje ya zama 6.4 kenan ba 6 ba. Cikin murfi dole ya fi haka, ki ba shi milimita 1 na numfashi, saman murfi 6.5 da 6.5, gefensa biyu 6.5 biyu 6.9, zurfi 1.5 ya isa. In za ki shafa banish mai kauri ki ƙara rabin milimita. Amma gaskiyar magana ni ban yarda da lissafin takarda ba, sai na gama akwatin ya bushe na goge shi sannan nake auna shi da kansa in yanka murfi, don abin da ke kan takarda da abin da hannu ya yi ba sa taɓa zama ɗaya. Wajen haɗa bangon ki shafa gam a bakin allon, ki riƙe kusurwoyin da salatif na takarda ta waje, ki jingina da wani abu mai kusurwa daidai kafin ya kama.

Wannan hanyar layin launin a bakin bango da kusurwa kawai yake fitowa. In abin da kike so shi ne duk jikin akwatin ya zama layi-layi daga ƙasa har sama to wata hanya ce daban, kuma ita ce na fi ƙauna duk da cin rai da take da shi. Maimakon ki tsayar da bango, gina shi za ki yi kamar ana jera bulo. Ki yanka firam-firam, wato murabba'i mai rami a tsakiya, faɗin bakin kamar milimita 7 ko 8, ki yi ta ɗora su a kan juna. Sai dai ki yi lissafi kafin ki fara kar ki tsaya a hanya, da giram 160 tsayin santimita 3 falle wajen 150 ne. Eh, 150. Ba wanda zai zauna yanka su ɗaya-ɗaya ya tashi da hankalinsa, abin da ake yi shi ne a fara liƙa fallayen A4 biyar-biyar su zama allo mai milimita 1, A4 santimita 21 ne da 29.7, kin ga murabba'i mai 6 guda 12 za ki samu a allo ɗaya har da ragowa, allo uku sun ba ki firam 30 da kike buƙata da na gindi da murfi. Tsakiyar da kika cire kar ki zubar, ita ce ƙaramin akwati na gaba. Ki haɗa katako biyu su yi kusurwa, duk firam ɗin da kika shafa wa gam ki tura shi cikin kusurwar don su hau daidai, biyar-biyar ki danne.

Daɗin wannan hanyar, matsalar murfi ta mutu. Ki gina gindi da bango da murfi a jere ɗaya kamar dunƙule, sai dai a inda kike so ya buɗe kar ki sa gam, ki sa ɗan salatif mai fuska biyu ya riƙe na ɗan lokaci, ki goge duka tare, sannan ki zura bakin wuƙa ki raba. Murfi da jiki za su zo daidai kamar an haife su tare. Sai ki liƙa siririn allo ta cikin akwatin ya ɗan leƙo sama kamar milimita 4, shi ne wuyan da murfin zai kama.

Launi kuwa, nan kowa da idonsa, amma ki tuna falle ɗaya siririn gashi ne kawai a gefe. In kin jera ja, ruwan lemo, ɗorawa, kore, shuɗi falle ɗai-ɗai, a hannu da kyau, ki ajiye shi a tebur ki ja baya taku uku sai ki ga wani irin ruwan ƙasa marar fasali. Ki ba launi wuri ya sha iska, huɗu na shuɗi ɗaya fari, ko uku na kore ɗaya baƙi ɗaya ɗorawa. Launi uku sun ishi ƙaramin akwati. Wanda na fi so cikin duk waɗanda na yi launi biyu ne kacal, shuɗi mai duhu da ruwan madara, sai layin ja guda ɗaya tak dab da bakin murfi, duk wanda ya ɗauka wannan jan yake fara shafawa da yatsa.

Sai gogewa, wadda ita ce ke mayar da tarin takarda ya koma kamar katako. Samfefa lamba 120 ki fara da ita don daidaita gefen, sai 240, ki ƙare da 400. Ki naɗe ta a ɗan katako ko ki shimfiɗa ta a tebur ki riƙa goga akwatin a kai, in da yatsa kika riƙe sai gefen ya yi tudu da kwari. Ki goga ta bin layin, ba ta gicciye ba, kar ki ɗaga hawan. Za ki ga gefen ya yi gashi-gashi, kar ki damu, ki shafa gam da aka ɗan sirka siriri, ya bushe sarai, gashin zai sandare, ki bi da 400 sai ya tafi. Ki rufe hanci, ƙurar tana da laushi, ki kuma riƙa kakkaɓe ta da busasshen buroshi don ƙurar baƙi ko ja in ta shiga farin layi tana dusashe shi. Ga wani ɗan sirri, in kin goge gefen a karkace layukan suna faɗaɗa, a karkatar digiri 45 faɗin kowane layi ya kusa ɗaya da rabi, a digiri 30 ya ninka biyu. Shi ya sa nake zaftare bakin murfi a karkace, wani lokacin ma in naɗe samfefa a fensir in haƙa ɗan kwari marar zurfi a saman murfin, launukan ƙasa su fito zobe-zobe kamar ido. Ranar da na fara ganin wannan na daɗe zaune ina kallo.

Wasu suna ɗiga sufa gulu mai ruwa-ruwa a gefen don ya yi tauri kamar roba, yana yi, amma tururinsa na yaji a ido, sai a inda iska ke wucewa, kuma kar ki kuskura ki goge shi da auduga don zafi yake ɗauka nan take. Ni banish na akirilik nake sa wa, na feshi ya fi don ba ya jiƙa takardar, siriri sau uku, kowanne ya bushe kafin na gaba. Ki fara gwadawa a ragowar allo don yana ƙara wa launi duhu, ɗorawa musamman. Ki fesa ciki da waje, in waje kawai kika rufe cikin zai ci gaba da shan damshin iska ya ja bangon. Kuma kar ki rufe murfin sai bayan kwana biyu ko uku, na taɓa rufe wani da wuri don ɗoki, har yau yana nan a rufe, da zobe a ciki. Ki kuma ajiye shi nesa da taga, takarda mai launi rana na cinye ta, banish na rage wa ne kawai.

Wanda ya riga ya lanƙwashe ɗin nan kar ki jefar. In ba ki haɗa bangon ba tukuna, ki ɗan shafa danshi kaɗan da soso a gefen da ya lotsa ciki, ki danne shi kwana biyu tsakanin fararen takardu, sau da yawa yana dawowa, in jijiyar ce a hargitse kuwa zai sake murɗewa ko kin danne shi wata guda. Jan da ya zuba dai ya zuba, babu gyara. Ki yanka shi gutsi-gutsi ki koyi gogewa a karkace da gwajin banish a kansa, in kin sami gutsiren da ya fito da kyau ki zagaye shi ki liƙa a saman sabon murfin ya zama marikin ɗagawa. In kin yi na biyun ki faɗa min giram nawa kika samu da falle nawa kika sa, sai mu daidaita lissafin murfin tare.